Bencin da Dauda Ya Haɗa

Romi, Kaduna

Zuwa ga ɗana Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Mai Cetonmu. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka ka riga ka sauka lafiya. Ya tsare motar da ka shiga, ya tsare direbanta daga gyangyaɗi da gaggawa, ya kuma sa mutanen da aka ba ka kiwonsu su karɓe ka da sakin fuska. Na cusa ta ne a aljihun gefe na jakarka, ƙarƙashin safa, don na san ba za ka buɗe wurin ba sai ka isa. Tun ranar da aka ce an tura ka aikin fasto nake buɗe baki in yi maka wannan magana, kullum sai in ƙare da tambayarka ko ka ci abinci. Bakina ya saba da ba da umarni, bai saba da irin wannan ba. Kwana biyar na yi a kanta, da hantsi bayan na sha magani, lokacin da idona ya fi gani.

Labari ba ni da shi, ka san inda kwano yake yoyo, ka san abin da likita ya ce game da zuciyata. Gona ba ni da ita da zan bar maka, masaƙar da na ba ƙuruciyata kuwa ta daɗe da rufewa. Abin da ya rage mini shi ne sanin wuraren da na yi tuntuɓe, su zan nuna maka. A ƙarshe kuma akwai saƙon da za ka kai wa yayanka Dauda, tunda ƙauyen da aka tura ka ba shi da nisa da shagonsa na Akwanga. Shekara goma sha huɗu ke nan bai kwana a gidan nan ba, ni kuma ba ni da tabbacin ganin damina biyu nan gaba. Kana makarantar kwana sa'ad da abin ya faru. Abin da ka sani tsintuwa ce daga bakin mutane, ka kuma yi mini kara ba ka taɓa tambayata ba. Yau ka ji daga bakin mai laifin.

Ranar da aka zaɓe ni dattijon ikkilisiya, cocinmu bai wuce langa-langa da katako ba. A lokacin ba a jefa ƙuri'a da takarda. Waɗanda aka ambaci sunayensu sukan fita su tsaya gindin mangwaro, a ja ƙofa, a kira suna ɗaya-ɗaya, jama'a su ɗaga hannu. Ni ban iya haƙuri ba, na matsa na leƙa ta wani ramin ƙusa. Da aka kira sunana na ga hannuwa sun tashi. Hannun mata masu sayar da tumatir, hannun abokan aikina da baƙin mai a farce, hannun tsofaffin da suka zo daga ƙauye suka zauna wurin 'ya'yansu. Hannu ɗaya ne na nema ban gani ba, na mamarku. Da muka koma gida na ce, "Maman Dauda, hannun naki ciwo yake yi ne?" Ta ce, "Lafiyarsa lau. Ni dai na san ka ne, Baban Dauda. Kai ko hanya ka ɓata ba ka tambaya." Na yi dariya, ita ma ta yi, amma ba ta janye maganar ba.

Kujerun dattawa a gaba suke, gefen mumbari, suna fuskantar jama'a. Shekara ashirin da ɗaya na yi a kansu, goma sha biyu ina ciyaman. Daga can kana ganin wanda ya makara, da mai gyangyaɗi, da wadda ɗankwalinta ya zame. Ba ka ganin wanda ya zo da yunwa. A hankali na manta hannuwan nan, na fara ji kamar daga sama kujerar ta faɗo mini. Kai wurinka ya fi nawa tsawo ma, kan mumbarin kansa za ka tsaya. Ka riƙa saukowa. Wata Lahadin in wani ne ke wa'azi, ka je ka zauna a tsakiyar mutane, ka ji abin da ake ji daga can.

Kada ka ɗauka cewa nake yi jama'a ba sa kuskure. Suna yi, har mummuna. Akwai shekarar da gunduma ta turo mana wani fasto mutumin Binuwai, Hausarsa a karye, ba kuma ɗan yaren masu rinjaye a cikinmu ba. Wata uku bai cika ba aka fara gunaguni. A taron ikkilisiya mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya, wai a mai da shi a kawo mana namu. Da an ce a ɗaga hannu a ranar, da ya tafi. Na miƙe na ce laifin me ya yi, sata ko ƙarya ko koyarwar banza? Ba wanda ya kawo laifi ko ɗaya. Na ce to dattawa ba za su sa hannu a kori mutum don yarensa ba. An yi wata biyu wasu ba sa gaishe ni. Mutumin nan shi ya bi gida-gida lokacin da masaƙa ta sallami mutane, ranar da aka ɗauke shi kuwa waɗanda suka fi kowa ƙinsa su suka fi kowa kuka. Aikin dattawa ke nan, ranar da taro ya ɗauki zafi a sami masu cewa a dakata. In ka sami irinsu a inda ka je, ka riƙe su, ko da kai ne suke ce wa dakata.

Amma nasarar nan ita ta lalata ni. Daga ranar na sa a raina cewa in jama'a sun ce gabas, to yamma ce hanya. Kowa ya kawo magana sai in ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Na manta cewa idon babba ma yakan yi yana.

Sujada biyu muke yi kowace Lahadi, ta Hausa da sassafe, ta Turanci bayanta. Matasa suka fara zamewa zuwa sababbin coci-cocin nan masu manyan lasifika. Sai na kawo shawara a ɗakin dattawa, ɗan ɗakin nan na bayan mumbari, cewa a haɗe sujada ta zama ɗaya, da Turanci, tafinta ya taƙaita wa'azi da Hausa a ƙarshe. Na ce ikkilisiya ɗaya ce, bai kamata a raba ta biyu ba. Dalilin yana da daɗi a kunne. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce ina son jin muryata da Turanci. Da bulala na koye shi a makarantar mishan, a ƙauyenmu ni ne na farko da ya iya, ina kuma jin daɗin yadda ake kallona in na miƙe ina karanta sanarwa.

Mu bakwai ne. Sakatarenmu, marigayi Malam Habila, ya buɗe littafin tsarin ikkilisiya ya ce, "Ciyaman, a nan an ce duk abin da zai canza tsarin sujada sai an kai shi taron ikkilisiya." Na ce, "Habila, in za ka tambayi kowa irin fentin da za a shafa wa bango, sai ginin ya rushe ba a gama zaɓe ba." Aka yi dariya, ya rufe littafin. Cikin rabin awa muka yanke wa jama'a harshen da za su yi magana da Allah da shi, muka yi addu'a muka tashi.

Ɗana, duk ranar da ka ga shawarar da kake kawowa don amfanin ikkilisiya ta zo daidai da abin da ranka yake so, ka ji tsoronta. Ka kai ta gaban mutane, musamman ma in kana jin ba za su yarda ba. Taro yana da ɓata lokaci, gaskiya ne. Wani zai tashi ya maimaita abin da aka gama faɗa, wata za ta faro daga labarin aurenta. Ka zauna ka ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lahadi na miƙe na karanta sanarwar. Dauda yana da shekara ashirin da bakwai a lokacin, shi ke jagorar mawaƙa. Bencunan da ake zaune a kansu kuma duk shi ya haɗa su, a tsakar gidan nan, bayan ya tashi daga shago. Wata biyu gidan yana ƙanshin katako, mamarku tana faɗan garinsa yana shiga mata tuwo. Ina gama karantawa na ga ya ɗaga hannu. Na yi kamar ban gani ba. Ya miƙe.

Ya ce, "Baba, a gafarce ni, tambaya ce. Iyayenmu mata da ke zaune a nan, an tambaye su?"

Na ce, "Zauna."

Ya ce, "Zan zauna, Baba. Amma tsarinmu ya ce sai an kira taro. Yaushe ne taron?"

Sai Mama Kande, tsohuwar da ke buga babban tulun kiɗa na ƙungiyar zumuntar mata, ta bugi bakin tulun sau ɗaya. Dum. Dariya ta fashe daga ɓangaren mata ta zagaye coci. Da ba a yi dariyar nan ba, wataƙila da na haɗiye.

Ana tashi na kira dattawa. Fasto ya ce, "Ciyaman, tunda ɗanka ne, ko za ka ɗan ba mu wuri?" Na ce a'a, ba zan sa a ce na ɗaure wa ɗana gindi ba. Habila ya ce a kira yaron a ji ta bakinsa. Na ce duk mun ji ta bakinsa. Su gargaɗi suke so a yi masa. Ni na ce horo, wata uku, don rashin ladabi da ta da hankali cikin sujada. Suka dubi juna. Wa zai nuna ya fi uba tausayin ɗa a gaban uban? Kunyata suka ji suka yarda.

An koya maka horo a makaranta, amma bari in faɗa maka yadda yake a ido. Mutum ya bar wurin zamansa ya koma bencin ƙarshe, na bakin ƙofa. Ba ya waƙa a gaba, ba ya magana a taro, ba ya cin jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi. Tiren jibi yakan zo har bencin da ke gabansa ya juya. Haka zai zauna sai ya zo gaban dattawa ya furta laifinsa, sa'an nan a tsai da shi gaban jama'a a karɓe shi. Mazinata da mashaya muka saba zaunarwa a can. A nan na zaunar da yayanka, a kan katakon da ya goge da hannunsa. Ni na karanta sanarwar horon. Na karanta da Turanci, na kuma maimaita da Hausa don kowace tsohuwa ta ji. A ranar ban manta da su ba.

Kada ka taɓa zama alƙali a shari'ar da kai aka ɓata wa rai. In an ce ka ba da wuri, ka fita, ka ja ƙofa, ka je ka tsaya gindin bishiya. Kuma tambaya ba zagi ba ce. Wanda ya tashi ya tambaye ka bai gama da kai ba, wanda ya gama da kai shiru yake yi ya ɗauki takalminsa. An ce babba juji ne. Ni na so a kira ni babba, amma ban yarda a zuba mini ko ɓawon gyaɗa ba.

Wata uku ya yi a bencin nan bai fasa Lahadi ɗaya ba. A gida kowace safiya zai durƙusa ya ce, "Ina kwana, Baba," in amsa kamar mai amsa wa baƙo. Da wa'adi ya cika muka kira shi ɗakin dattawa. Ya tsaya da hularsa a hannu ya ce, "Iyayena, in muryata ta yi ƙarfi a ranar, ina neman gafara a kan muryar. Amma tambayar ba zan iya ce mata zunubi ba. In na faɗa, na yi ƙarya a gidan Allah." Habila ya dube ni, idonsa yana roƙo. Hanya ce yaron ya buɗe mini, da na bi ta da an wuce wurin. Na ce babu rabin tuba, horo ya ci gaba sai ranar da ya shirya.

Lahadin da ta biyo, mamarku ta sa zanen zumunta, ta shigo, ta ƙi ƙarasawa wurinta na gaba, ta zauna kusa da shi. Ina kallonta daga kujerata, kowa ma yana kallo. Da muka dawo na ce, "Maman Dauda, kunyata ni kike son yi?" Tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baban Dauda, ni ma ba na jin Turanci. Shekara talatin kana yi mana addu'ar abinci da shi ina cewa amin, don na yarda da kai ne. Yanzu a coci ma amin ɗin kawai ya rage mini. Yaron nan ni ya yi wa tambayar."

Ishaku, shekara talatin muna kwana ɗaki ɗaya, ashe a cikin mutanen da ban tambaya ba har da matata. Na ji maganar har cikin ƙashina. Amma ka san abin da na ce? Na ce mata harkar ikkilisiya ba harkar gida ba ce. Ta ce to, ta ci gaba da tsince shinkafarta. In Allah ya ba ka mata, ka sani ita ce mutum ta farko a ikkilisiyarka.

Shekara ɗaya cur suka yi a bencin, su biyu. Wata safiyar Litinin ya ɗaure zartonsa da gudumarsa cikin buhu, ya zo ya durƙusa gabana ya ce ya sami wuri a Akwanga. Ina riƙe da jarida. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya," ban sauke jaridar ba. Na ji ƙarar ƙofar gida, na ji mamarku ta bi shi har bakin titi. Har yau ban san irin rigar da ya sa a ranar ba.

Tsofaffin matan nan ba su yi faɗa da kowa ba. Sai dai aka ga suna raguwa, ashe Mahuta suke tafiya, wani ɗan coci da ake sujada da Hausa. Da lokacin zaɓe ya zagayo muka fita gindin mangwaro kamar yadda aka saba. Wannan karon ban leƙa ba. Da aka kira sunana, saurin gama ƙirga ya gaya mini komai. Sababbin dattawa suka kira taro, sujadar Hausa ta dawo, tsofaffin ma suka dawo. Ikon jama'a ba ya ihu, ɗana. Hannun da ya ɗora ka yana nan a jikin mai shi, wata rana sai kawai ya ƙi tashi.

Horon Dauda kuwa yana nan a littafi, don doka ta ce sai mai horo ya zo da kansa, shi kuma bai zo ba. Ni ma ban je ba, na ce ɗa ne ke neman uba. Mamarku ce ke zuwa Akwanga ta dawo da doya da labarin jikokin da ban taɓa ɗauka ba. Nakan yi kamar ba na ji, ina ji kuwa, har sunayensu na haddace.

Da ta rasu, shekara huɗu da suka wuce, ka gani da idonka. Dauda ya zo da akwatin gawar da ya haɗa mata da kansa, a bayan a-kori-kura. A sujadar jana'iza ya zauna a bencin baya. Aka ce ya matso gaba wurin iyali, ya ce ba a ɗage horon ba tukuna. Na ji shi. Daga inda nake zuwa bencin nan taku ashirin da biyu ne, na ƙirga daga baya, sau da yawa. A ranar ƙafafuna suna da ƙarfin yinsu. Na ce bari a gama binnewa tukuna. Kafin in gama amsa gaisuwar mutane ya kama hanya. In akwai taku ashirin tsakaninka da wani, kai ne babba, kai za ka yi su, kuma a ranar.

Gidan nan ya yi mini girma. Zanen zumuntarta yana cikin akwati, nakan buɗe in rufe. Turancin da na yi taƙama da shi ya fara zubewa kamar haƙorana, in na fara addu'a yanzu Hausa ce ke zuwa. Mai zuwa dubana sai Alhaji Sani, abokin aikina na masaƙa, da yakan shigo keke napep daga Tudun Wada ya kawo mini lemo mu zauna muna zagin gwiwoyinmu. Watan jiya na ba shi labarin nan duka, karo na farko. Ya saurara yana ɓare lemo, sa'an nan ya ce, "Iliya, kai tsohon banza ne wallahi. Mu liman ma in ya yi mantuwa a salla, na bayansa ne ke tuna masa, ya gyara, a ci gaba. Ba a korar wanda ya tuna." Na ce ya tashi ya bar mini gida. Ya ce sai ya gama shan lemonsa.

A makon na je wurin dattawa. Ciyaman na yanzu Dattijo Bulus ne, wanda Dauda ya koya wa waƙa. Ya ba ni kujera ya ce, "Baba, da son raina ne da tuni. Amma doka ta ce sai shi ya zo ya furta, ku kuka koya mana ita." Gaskiyarsa ce, ban ji haushinsa ba. Na ce to yaushe ne taron ikkilisiya? Sai da maganar ta fita daga bakina na ji ashe tambayar Dauda ce na yi.

Taron ya faɗo Lahadin da ka tafi gunduma karɓar takardar aikinka. Na san ka ji ƙishin-ƙishin, ga yadda aka yi. Da aka zo kan sauran batutuwa na ɗaga hannu daga cikin jama'a. Ban taɓa sanin hannu yana da nauyi haka ba in daga ƙasa ake ɗaga shi. Na dogara sandata na miƙe na ce, "Ikkilisiya, shekara goma sha biyar da suka wuce na yanke muku magana ban tambaye ku ba. Ɗana ya tambaya a madadinku, na sa shi a horo. Ba shi da abin da zai furta, ni ne mai furtawa. Ina roƙonku ku sake shi."

Mama Kande tana nan da rai, ba ta gani sosai, ba ta kuma iya tashi. Daga zaune ta ce, "Baba Iliya, ai mu ba mu taɓa ɗaure shi ba balle mu sake shi. Ku kuka shiga ɗaki kuka fito da abinku. Mu tun ranar ɗanmu ne." Sa'an nan ta ce, "Tulun nan ma da na buga, har yau ina da-na-sani." Fasto ya ce masu roƙon dattawa su ɗage horon su ɗaga hannu. Na rufe idona don tsoro, na buɗe. Sau biyu ke nan a rayuwata na ga hannuwa sun tashi haka. Dattawa suka shiga ɗan ɗakinsu, ba su daɗe ba suka fito, Bulus ya karanta cewa horon tun farko ba bisa ƙa'ida aka yi shi ba, an soke shi. Jama'a sun roƙa, dattawa sun yanke, kowa ya yi nasa. Da haka na yi tun farko, da awa ɗaya ta ishe mu.

Takardar soke horon tana cikin ambulan ɗin nan, da hatimi. Lambar wayar Dauda tana wurina, na danna ta sau uku ina kashewa kafin ta shiga, maganar ba ta waya ba ce. Da da hali da ni zan zo, amma likita ya ce ko Kachia ba zan kai ba a mota. To, kai ne ƙafata. Kada ka fara da takardar. Ka je shagonsa ranar aiki, ba da rigar fasto ba. Ka ci abin da matarsa ta ba ka, ka ɗauki yaran ka duba mini wanda ya yi kama da mamarku. Kada ka yi masa wa'azin gafara, ba ni da bakin neman a yi masa shi. Ka ce masa Baba ya ce tambayarsa daidai ce, amsarta kuma ita ce a'a, ba a tambaye su ba. In ya karɓi takardar, to. In ya ajiye ta gefe ya ci gaba da aikinsa, kada ka matsa. Jinina ne, na san inda ya gado.

Sa'an nan ka gaya masa wannan. Da aka sayo kujerun roba bara, an so a fasa tsofaffin bencuna a yi girkin bikin godiya da su. Na roƙa aka bar mini na ƙarshen a inda yake, bakin ƙofa. A kansa nake zama kowace Lahadi. Mutane sun ɗauka don in sha iska ne.

Ubangiji ya tsare ka a hanya da masauki. Ya ba ka dattawa masu iya ce maka a'a, da jama'a masu iya ɗaga hannu su tambaye ka, ya kuma ba ka kunnen jinsu. Ya raba ka da zazzaɓi, da mugun ruwa, da girman kai irin na ubanka. Ka riƙa sa gidan sauro. Ka gai da dattawan wurin, ka ce wani tsoho a Romi yana yi musu addu'a. Ka gai da Dauda da iyalinsa, Allah ya tsare su, ya sa mu gana.

Ƙafar bencin ta hagu ta saki, yana lilo in na zauna. Bulus ya turo kafinta sau biyu, na mai da shi. Ka ce wa yayanka ina jiran wanda ya haɗa shi.

Ni ne mahaifinka,
Iliya